Kafin ka karɓi mukulli: Yadda matashi zai zaɓi gidan sayar da motoci da zai yi wa aiki

Duk wanda ya buɗe WhatsApp a 'yan shekarun nan ya san yadda hotunan motoci suka cika shafukan matasa. Wannan ya ɗora Corolla, wancan ya ɗora Accord, a ƙasa an rubuta farashi da lambar waya. Da yawa daga cikin masu ɗorawar ɗalibai ne 'yan uwanmu, wasu kuma sun gama hidimar ƙasa suna jiran aikin da bai zo ba. Mota ba tasu ba ce, ta wani maigida ce da ke da fili a bakin titi, su dai nasu su kawo mai saye su karɓi la'ada.

Sana'a ce mai kyau, kuma ta rufa wa mutane da dama asiri. Ba ta buƙatar jari, sai waya da baki da haƙuri. Sai dai akwai abin da yawancinmu ba ma tsayawa mu yi tunani a kai: wa zan yi wa aikin? Matashi yakan tafi wurin da ya fi kusa da gida, ko inda abokinsa yake, ko inda motoci suka fi ƙyalli. Alhali mai saye idan motarsa ta ba da matsala, ba mai fili yake fara nema ba, wanda ya kawo shi yake nema. Kai ne ka ce masa "lafiyarta ƙalau", kai ne ya san gidanku, wataƙila ma ya san mahaifinka. Maigida yana sa kuɗinsa a harkar, kai kuma sunanka kake sawa. Don haka zaɓen wurin aiki shi ne cinikin farko da za ka yi, kuma ya fi duk wanda zai biyo baya muhimmanci.

Gida uku, hali uku

Wuraren sayar da motoci a ƙasar nan sun kasu kusan gida uku, kowanne da irin rayuwar da ma'aikaci zai yi a cikinsa.

Na farko su ne manyan kamfanonin da ke wakiltar masu ƙera motoci, suna sayar da sababbi dal. Misali, Elizade ya yi suna da Toyota, Coscharis kuma da BMW da Ford. Akwai kuma masu haɗa motoci a cikin gida, kamar Innoson da ke Nnewi a Jihar Anambra, da kamfanin Dangote Peugeot da ya fara haɗa motoci a Kaduna a shekarar 2022, a garin da PAN ya fara haɗa Peugeot tun 1975. A irin waɗannan wurare ana neman takardun makaranta, ana yin intabiyu, ana ba da horo da albashi. Abokan cinikinsu yawanci ma'aikatun gwamnati ne da bankuna da kamfanoni, saboda haka ciniki ɗaya yakan ɗauki watanni ana musayar takardu. Wanda ba ya son rubutu da bin ofisoshi zai gaji da wuri.

Na biyu su ne filayen da ke sayar da motocin da aka yi amfani da su a ƙasashen waje, waɗanda muke kira Beljiyam ko tokumbo. Su ne kake gani a jere a bakin manyan titunan Kano da Kaduna da Abuja. A nan ne mafi yawan matasa ke samun shiga, domin ba a tambayar digiri. Wasu na ba da ɗan albashi da la'ada, wasu la'ada zalla.

Na uku su ne masu sayar da motocin hannu, wato waɗanda aka riga aka hau a nan gida. Sau da yawa motar ba ta mai filin ba ce, wani ne ya kawo a sayar masa. A nan ciniki ya fi sauri, kuɗin shiga harkar ya fi sauƙi, amma a nan ne kuma 'yan kayi-nayi suka fi yawa, kuma a nan ne aka fi samun rikicin takardu.

Babu wanda za a ce shi ne daidai ga kowa. Wanda ya gama digiri yana son aiki mai tsari zai fi jin daɗin na farko. Ɗalibin da ke neman na kashewa lokacin hutu zai fi samun ƙofa a na biyu da na uku. Amma ko wanne ka nufa, akwai tambayoyin da ba a tsallakewa.

Fara da takardu

Kafin ka tambayi nawa za a ba ka, tambayi yadda motocin ke shigowa. Motar da aka shigo da ita daga waje dole a biya mata kuɗin fito a wurin Hukumar Kwastam, abin da dillalai ke kira duti. Motar da ba ta da duti, ko aka yi mata na jabu, ko aka biya ƙasa da abin da ya kamata, jami'ai na iya tare ta a hanya ko da ta shekara a hannun wanda ya saya.

Wannan batu ya fi shafar mu a Arewa, saboda tarihin shigo da motoci daga tashar ruwan Kwatano ta cikin Jamhuriyar Nijar. Daga ranar 1 ga Janairun 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ta ce sai ta tashoshin ruwa. A watan Satumban 2019 kuma jami'an Kwastam sun garƙame filayen sayar da motoci da dama a sassan ƙasar nan suna neman na fasa-ƙwauri. Ka yi tunanin halin da yaran waɗannan filaye suka shiga, waɗanda abincinsu ya dogara da la'adar yau da gobe. Mai fili yana da wasu hanyoyin samu, yaro kuwa ranar da aka sa kwaɗo a ƙofa ranar cinikinsa ya tsaya.

Kowace mota ta zamani tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, wadda ake kira VIN. A shekarar 2022 Kwastam ta fara amfani da wannan lamba wajen ƙayyade kuɗin fito. Ka duba ko lambar da ke jikin mota ta yi daidai da wadda ke cikin takarda. Wurin da za a bar ka ka gwada lambobin nan ba tare da an ɓata rai ba, alama ce ta gari. Wurin da za a ce maka "kai dai kawo mai saye, takardu ba matsalarka ba ce", ka ɗauki takalminka.

A motocin hannu kuwa abin tsoro shi ne motar sata. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar Final Kod da ake aiki da ita a jihohin Arewa, kuma idan bincike ya taso, 'yan sanda kan bi sawun duk hannun da motar ta bi, har da na dillali. Ka lura: shin mai filin yana karɓar katin shaida da hoton wanda ya kawo mota? Ana rubuta yarjejeniyar sayarwa da shaidu? Ana yin takardar canjin mallaka? Idan amsar ita ce a'a, wata rana kai za ka yi bayani a ofishin 'yan sanda kan motar da ko hawanta ba ka taɓa yi ba.

Shi kansa wurin ka bincike shi. Rajistar kamfani da Hukumar CAC abu ne da kowa zai iya dubawa a intanet da wayarsa. Doka ta kuma wajabta wa dillalan motoci yin rajista da SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram. Akwai ƙungiyar dillalan motoci ta ƙasa, AMDON, kuma zama mamba a ƙungiya na nufin akwai inda za a kai ƙara idan an samu saɓani.

Kada "kashi" ya ruɗe ka

Yanzu sai maganar kuɗi, inda matasa suka fi faɗawa rami. Idan aka ce za a ba ka kashi kaza, tambaya ta farko ita ce: kashi na me? Na farashin mota, ko na ribar da aka ci?

A ce maigida ya sayi mota Naira miliyan 7.5 ya sayar miliyan 8. Ribarsa Naira 500,000 ke nan. Idan ya ce zai ba ka kashi 10 cikin 100 na riba, za ka tashi da Naira 50,000. Idan wani ya ce zai ba ka kashi 1 cikin 100 na farashi, za ka tashi da Naira 80,000. Ka ga kashi 1 ya fi kashi 10. Ƙari a kan haka, farashin da aka sayar kana gani da idonka, riba kuwa sai abin da maigida ya faɗa maka, domin ba ka nan lokacin da ya saya.

Tambaya ta biyu: mota nawa ke fita a wurin? A ce akwai fili mai manyan motoci na Naira miliyan 40, ana ba da kashi 2. La'adar mota ɗaya Naira 800,000 ce, abin daɗin ji. Amma idan sai bayan wata huɗu kake samun ciniki ɗaya, kuma ku huɗu za ku raba saboda mai sayen ya biyo ta hannun dillalai uku kafin ya iso gare ka, rabonka Naira 200,000 ne, wato Naira 50,000 a wata. A wani filin kuma ana sayar da ƙananan motoci na miliyan 8 a kan kashi 1. Idan ka sayar da biyu a wata, ko da za ka raba da mutum ɗaya, kana da Naira 80,000. Waɗannan alƙaluma misali ne kawai, amma irin lissafin da ya kamata ka yi ke nan da biro da takarda kafin ka ce ka amince.

Sauran tambayoyin su ne: yaushe ake biyan la'ada, ranar ciniki ko ƙarshen wata? Idan mai saye ya ba da kafin alƙalami ya fasa, kana da wani abu? Idan ka kawo mutum yau bai saya ba, ya dawo bayan mako biyu ba ka nan, cinikin na waye? Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi raba abokai a filayen mota. Wurin da ke da littafin rubuta sunan wanda ya kawo kowane abokin ciniki ya rage maka rabin rigima. Sannan idan aka goge mota ko aka fasa fitila wajen gwaji, wa zai biya? Wasu wuraren daga la'adar yaro ake cirewa.

Ka kuma san matsayinka a doka. A watan Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, haka nan ba ta shafi masu aiki a kan la'ada ba. Mafi yawan filayen mota sun faɗa cikin waɗannan rukunai biyu. Ma'ana, abin da zai kare ka shi ne yarjejeniyar da kuka yi. Dokar Ƙwadago ta tanadi a bai wa ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. A al'adarmu yaro yana jin nauyin ce wa babba "Alhaji, a rubuta." To, ka tafi da wanka ko kawunka ya faɗa a madadinka, a yi maganar a gaban shaidu. Mai niyyar biya ba ya gudun rubutu.

Me mutanen garin ke saye?

Kasuwar mota ta sauya sosai tun daga 2023. A ranar 29 ga Mayun shekarar aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 nan take, daga baya ta wuce 1,000. A watan Yuni kuma aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da ke kusan Naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Tunda da dala ake sayo mota, kuma da farashin dala ake lissafa kuɗin fito, motocin Beljiyam sun yi tashin gwauron zabo. Mutane da yawa suka koma neman motar hannu mai tsafta, masu manyan injuna kuma suka fara neman ƙananan da ba sa shan mai.

Saboda haka idan ka shiga fili, kada ka tsaya kallon wadda ta fi kyau, ka dubi ko kayan wurin sun dace da aljihun mutanen da ka sani. Su waye a wayarka? Malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan kasuwa, direbobin haya? Waɗannan Corolla da Civic da Golf da Sharan suke tambaya, kuma abin da ke ransu shi ne shan mai da sauƙin kayan gyara, su san idan ta lalace za a samu kayanta a Ƙofar Ruwa ko Panteka. Idan ba ka san mai miliyan 40 ko ɗaya ba, zama a filin manyan motoci zai ba ka hotuna masu kyau ne kawai.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane ko wuri yana ciniki. Ka je yau ka ƙirga motocin, ka lura da launinsu da inda aka ajiye su. Ka koma bayan mako biyu. Idan su ne dai a inda ka bar su, tayoyi sun fara saɓewa, ƙura ta kwanta a ƙarƙashinsu, ka samu amsarka.

Ranar da mota ta dawo

Halin maigida na gaskiya yana fitowa ne ranar da mai saye ya dawo da ƙorafi. Da yawa daga motocin da ake kawowa daga Amurka ana sayo su ne a gwanjon kamfanoni irin su Copart da IAA, inda ake sayar da waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta shafa. Ana gyara su, a yi fenti, su fito kamar sababbi. Sayar da motar da aka gyara ba laifi ba ne muddin an faɗa wa mai saye. Laifin shi ne ɓoyewa. Haka nan mayar da mitar tafiya baya, ko juya sitiyarin motar da aka ƙera na dama zuwa hagu a yi shiru. Addini da al'ada duk sun hana ɓoye aibin haja, kuma a zamanin nan ma ƙarya ba ta daɗewa, domin mai saye na iya sa lambar shasi a shafuka irin su Carfax ya ga tarihin motar tun tana can.

Don haka ka lura da yadda ake karɓar wanda ya zo da makanikinsa. Ana barinsa ya jona na'urar bincike, ya leƙa ƙarƙashi, ya fita gwaji? Ko ana ta hanzarta shi da "akwai wanda zai zo ya biya yanzu"? Idan maigida yana koya wa yaransa abin da za su ɓoye, to ka sani ranar da asiri ya tonu zai ce bai san zancen ba, yaro ne ya faɗa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma yaro ake fara turawa ciki. Wanda kuma ke cutar abokin ciniki a gabanka, kada ka yi zaton la'adarka za ta tsira a hannunsa.

Akwai wani tarko da ya kamata kowane matashi ya sani: karɓar kuɗin mota a asusunsa na banki. Wani maigidan zai ce "a tura ta naka, nawa yana da matsala." Kada ka yarda. Idan kuɗin na damfara ne, asusunka za a rufe, kai za a nema. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta kuma hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da Naira miliyan 5, kamfani kuma sama da miliyan 10, sai ta banki. Wurin da ake zuwa da kuɗi a buhu ana cewa kai ka ƙirga ka sa hannu, ba wurin zaman mai son gobensa ba ne.

Me za ka fita da shi?

Ba kowa ne zai dawwama a filin wani ba. Wata rana za ka so ka tsaya da ƙafarka, ko ka koma wani babban kamfani. To me wurin zai koya maka? Akwai inda yaro zai shekara biyu aikinsa wanke mota da riƙe mukulli. Akwai kuma inda za a nuna maka yadda ake gane fentin da aka sake, yadda ake sauraron inji da giya, yadda ake karanta takardun Kwastam, yadda ake sa farashi, har da yadda ake hulɗa da bankuna irin su Jaiz masu saya wa mutum mota ya biya a hankali ta tsarin murabaha. La'ada kaɗan a wurin da ake koyarwa ta fi la'ada mai yawa a wurin da ake ɓoye maka sirrin sana'a.

Tambayar da za ta nuna maka wannan ita ce: ina yaran da suka yi aiki a nan a baya? Idan an nuna maka waɗanda suka buɗe nasu wuraren kuma har yanzu suna zuwa gaida maigida, ka samu gida. Idan kowa wata uku yake yi ya gudu, akwai dalili. Ka nemi ɗaya daga cikinsu ka ji ta bakinsa. Ka kuma zauna da mai shayin bakin filin, da masu wankin mota, da kanikawan unguwar. Su ne suka san wanda ke biya a kan lokaci da wanda ake yawan zuwa yi wa hayaniya a ƙofa.

'Yan uwa mata ma sun shigo harkar, musamman ta tallatawa a Instagram da TikTok da kuma aiki a manyan kamfanoni. Ke ma waɗannan tambayoyin naki ne, da ƙarin guda biyu: wa zai raka ki idan za a fita gwajin mota da baƙo, kuma ƙarfe nawa ake tashi? Wurin da ke mutunta ma'aikatansa yana da amsar waɗannan tun kafin a tambaya. Maza ma kada su raina batun gwaji, domin fita da baƙo kai kaɗai a motar miliyoyi haɗari ne. Sannan kada ka taɓa sitiyari ba ka da lasin tuƙi, ko da maigida ne ya miƙo maka mukulli.

Ga mu ɗalibai kuma, akwai batun lokaci. Mai saye ba ya duba jadawalin lacca kafin ya kira. Ka faɗa wa maigida tun farko cewa kai ɗalibi ne, akwai ranakun da ba za ka zo ba, akwai makonnin jarrabawa da wayarka za ta kasance a kashe. Wanda ya karɓe ka a haka zai riƙe ka da daraja. Wanda ya ce sai dai ka zaɓi ɗaya, ka gode masa ka nemi wani, domin fili ba ya ƙarewa a gari, amma zangon karatun da ya wuce ba ya dawowa.

Kada yunwar aiki ta sa ka amsa a ranar da ka je. Ka ziyarci wuri uku ko huɗu, ka rubuta abin da kowanne ya ce, ka yi shawara da manya a gida. Idan za a yarda, ka nemi a ba ka gwajin wata ɗaya, kai ma kana gwada su kamar yadda suke gwada ka. Mai sayen mota yakan kwashe makonni yana zagaye, ya kawo makaniki, ya duba takardu, kafin ya ba da kuɗinsa. Kai da za ka ba da sunanka da na gidanku, bai kamata bincikenka ya gaza nasa ba.